Mahaifinmu Ya Ce a Binne Shi a Cikin Gida, a Yi Gini a Kan Kabarinsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ne babba a cikin 'ya'yan mahaifinmu. Muna zaune da shi a Abuja tun bayan da ya yi ritaya, amma asalinmu wani gari ne a jihar Sakkwato. A ƙarshen damina na raka shi gida, sai ya ce mu biya Hubbaren Shehu, daga nan muka wuce Wurno muka ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da muka isa garinmu ya ce a kai shi maƙabarta ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, amma muka yi ta zagaye har la'asar ba mu gane kabarinta ba, domin ciyawa ta rufe wurin kuma an yi sababbin kaburbura a gefen da yake tunawa. Bayan mun dawo ya tara mu ya ce idan ta Allah ta kasance, a kai shi garinmu, a binne shi a cikin gidansa na can, a gina ɗan ɗaki a kan kabarin kamar yadda ya gani a Hubbare. Ƙanena ya ce wannan bidi'a ce kuma hanyar shirka ce, ba zai sa hannu ba. Baba ya yi fushi, har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba na son saɓa wa mahaifina, ba na kuma son saɓa wa Allah. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan damuwa da ka nuna, domin da yawa daga cikinmu idan iyaye suka ɗauko zancen mutuwa sai mu yi maza mu ce a bar faɗa, mu kawar da maganar, har ranar ta zo ta same mu ba mu san abin da suke so ba.

Ni a cikin wasiƙarka, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan yammaci da kuka yi a maƙabartar garinku. Dattijo ya taso tun daga Abuja da niyyar tsayawa a kan kabarin mahaifiyarsa, ya yi ta ratsa ciyawa yana cewa nan ne, a'a can ne, har rana ta yi sanyi ya juyo bai samu ba, alhali kwana ɗaya kafin nan ya tsaya a gaban kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu tun 1817, da na ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, kuma ya ga wuraren a share, an san mai kowane kabari, mutane na shiga suna fita suna addu'a. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a tafiya ɗaya dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ina kyautata zaton Baba ba neman a girmama kabarinsa yake yi ba. Tsoro ne ya kama shi cewa wata rana kai ma za ka zo da 'ya'yanka ku yi irin wannan zagayen ku koma ba ku gane inda yake ba. Idan ka fahimci haka, za ka ga cewa abin da yake buƙata yana da hanyoyin biya da shari'a ta yarda da su, ko da wani ɓangare na abin da ya furta ba za a iya yi masa ba.

Ziyarar da kuka yi abu ne mai kyau. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ya kasance ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, kuma dalilin da aka bayar shi ne suna tunatar da lahira. Ke nan ziyarar ta yi wa Baba aikinta, tunda ya dawo yana tunanin makwancinsa. Haka nan mutum ya faɗi inda yake son a binne shi ba baƙon abu ne a Musulunci ba. Sayyidina Umar yana kwance da raunin da ya zama ajalinsa ya aika wa Nana A'isha yana neman izinin a binne shi kusa da Annabi da Sayyidina Abubakar, kuma ta ba shi, duk da cewa ta so wurin wa kanta. Ita kuma daga baya ta yi wa ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu wasiyya cewa a binne ta tare da sauran matan Annabi a Baƙi'a, maƙabartar Madina. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya faɗi irin haƙar da yake so a yi wa kabarinsa, Amru ɗan Asi kuma ya ce bayan an rufe shi a ɗan tsaya a bakin kabarin kada a watse nan take. Saboda haka Baba bai yi laifi ba da ya buɗe wannan magana, kuma ya kamata ƙanenka ya san haka.

Sai dai abu uku Baba ya roƙa a numfashi ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya jawo rikicin gidanku shi ne an ɗauke su a dunƙule, shi yana son duka, ƙanenka ya ƙi duka.

Batun ɗaukar gawa zuwa garinku shi ne mafi sauƙi ta fuskar hukunci, amma mafi wahala ta fuskar aiki. Asali shi ne a gaggauta jana'iza kamar yadda hadisi ya yi umarni, kuma a ranar Uhudu da wasu suka ɗauki shahidansu za su kai Madina, an umarce su da su mayar da su inda suka faɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ, aka ɗauko su zuwa Madina aka binne su a can. Da irin wannan ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka halatta a kai mamaci wani gari, domin ya kasance kusa da danginsa ko kusa da mutanen kirki, da sharaɗin kada gawar ta canja a hanya kuma kada a keta mutuncinta. A ƙasar nan mun ga an yi haka: Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja a Disambar 2018 aka kai shi garin Shagari, Muhammadu Buhari ya rasu a Landan a Yulin 2025 aka kawo shi Daura, Alhaji Aminu Ɗantata kuma ya rasu a Abu Dabi a Yunin 2025 aka kai shi Madina kamar yadda ya yi fata. Amma ka lura cewa duk waɗannan da jirgin sama aka ɗauke su, kuma hukumomi sun tsaya a kan lamarin. Daga Abuja zuwa Sakkwato a mota tafiyar yini guda ce, kafin a ƙara nisan garinku, kuma kai ma ka san yanayin zafin watan Afrilu da Mayu a wannan yanki, ka kuma san akwai hanyoyin da mutane ba sa bi da dare saboda rashin tsaro. Idan rasuwa ta faru da magariba, ko dai gawa ta kwana a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ko a jefa rayukan masu rakiya cikin haɗari.

Shawarata a nan ita ce ku amsa wa Baba wannan buƙata da zuciya ɗaya, amma da sharaɗi a fili: idan ajali ya same shi a gida ko kusa da gida, ko a lokacin da hanya ke da lafiya kuma za a isa cikin yini ba tare da gawa ta wahala ba, za ku kai shi, idan kuwa hakan bai yiwu ba, ya yafe muku tun yanzu, a yi masa sutura a inda ya cika. Kada ku yi masa alkawari kai tsaye domin kawai ku faranta masa rai, saboda ranar da abin ya faru ku ne za ku tsaya tsakanin alkawarin da abin da zai yiwu, kuma a irin wannan rana ce 'yan'uwa ke faɗa wa juna maganar da ba ta goguwa. Allah ya faɗa a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta, kuma dattijo irin Baba ya fi mu sanin wannan aya. Idan har zaman garinku a ƙarshen rayuwa ne yake marmari, to wannan ma magana ce da ya kamata ku buɗe, domin wani lokaci mai cewa a kai gawata gida, abin da yake nufi shi ne a mayar da ni gida tun ina da rai.

Binnewa a cikin gida kuwa, a nan nake son ka tsaya ka yi wa Baba bayani a tsanake. Malamai ba su ce haramun ba ne mutum a binne shi a filin da ya mallaka, kuma gaskiya ne Hubbare kansa gidan Shehu ne tun asali, kamar yadda aka binne Malam Aminu Kano a gidansa na Gwammaja a 1983. Amma sunnar Annabi ga sahabbansa ita ce kai su Baƙi'a, har da 'ya'yansa da suka rasu a Madina, shi kuwa an binne shi a ɗakin Nana A'isha ne saboda hadisin da Sayyidina Abubakar ya kawo cewa annabawa ana binne su inda suka rasu. Bayan wannan akwai abin da idonmu ke gani. Gidan Malam Aminu ya tsira ne domin ya zama cibiyar Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, Hubbare kuma yana hannun masarauta da masu kula da shi tsara bayan tsara. Gidan mutum irina da irinka gado ne, kuma daga ranar da mai shi ya cika ya zama haƙƙin magada, maza da mata, manya da marayu. A fiƙihunmu kabari tamkar hubusi ne, wato waƙafi, ga mai shi, ba a tone shi, ba a sayar da wurin, ba a gini a kansa muddin akwai sauran gawar a ciki. Ke nan an cire wani yanki na gidan daga rabo, kuma a tsakiyarsa. Yau kuna raye kuna girmama wurin. Bayan shekara talatin ko arba'in, idan jikoki suka yi yawa, wasu na Abuja wasu na Legas, aka ce a sayar a raba kuɗi, wa zai sayi gida da kabari a tsakar gida? Idan ya saya, wa zai hana shi zuba siminti a kai ya yi shago ko makewayi? A tsofaffin unguwannin biranenmu ba sabon labari ba ne masu haƙar harsashin gini su ci karo da ƙasusuwan mutanen da aka binne a gidajensu, waɗanda babu sauran mai tuna sunansu. Abin da Baba yake gudu, wato ɓacewar kabari, ya fi kusa da faruwa a cikin gida fiye da a maƙabarta, domin ita maƙabarta ko an manta mai kabari, ba a manta cewa wurin na mamata ne.

Akwai kuma wata riba da na kan ga mutane ba sa lissafawa. Duk wanda ya shiga maƙabarta, ko rakiyar gawa ya je ko ziyarar nasa mamacin, sallamar da zai yi da addu'ar da aka koyar ta haɗa duk mazauna wurin ne, muminai da musulmi. Wanda ke kwance cikin jama'a yana da rabo a wannan kullum, daga mutanen da ba su taɓa saninsa ba. Wanda ke bayan ƙofar gida sai wanda aka buɗe wa.

Gini a kan kabari shi ne abin da ba zan ba ka shawarar ka yi ba, kuma a nan ƙanenka yana da hujja ko da bai iya faɗinta ba. Jabir ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa. Risala, wadda kusan duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya ratsa ta, ta ce an karhanta gini a kan kaburbura, malaman da suka zo daga baya kuma suka ƙara da cewa idan don alfahari aka yi ya zama haramun, haka nan idan a maƙabartar jama'a ne saboda yana cinye wurin wasu. Wasiyyar da ta ƙunshi abin da aka hana ba ta zama dole a kan magada, kuma barinta ba saɓa wa iyaye ba ne. Game da gine-ginen da ke kan kaburburan malamai da sarakuna, a Sakkwato ko Wurno ko Gwandu inda Shehu Abdullahi yake, malamai sun daɗe suna saɓani, wasu na ganin halaccinsu domin kiyaye wurin, wasu na ganin hanin ya haɗa da kowa, kuma ba a teburin cin abincin gidanku za a warware wannan ba. Abin da ya shafe ku ya fi wannan sauƙi: Baba ba zai rasa komai a wurin Allah ba idan ba a yi ginin ba, kuma akwai fargabar a faɗa cikin hani idan an yi. Mutanen da ya gani a Hubbare ilimin Shehu da jihadinsa da littattafansa ne suka taso da su daga garuruwansu, haka ma 'yarsa Nana Asma'u da ke kwance a wurin. Salmanul Farisi ya taɓa rubuta wa Abud Darda'i cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi, kuma wannan magana ce da za ka iya faɗa wa Baba cikin ladabi.

Amma kada ka tsaya a kan hani kawai ka bar shi hannu wofi, domin alama a kan kabari sunna ce. Lokacin da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa, ya ce domin ya gane kabarin ɗan'uwansa da shi, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. A cikin wannan hadisi ɗaya akwai buƙatun Baba guda biyu, a gane kabari kuma a kasance kusa da dangi. Saboda haka ku yi masa alkawarin dutse mai nauyi wanda ruwa ba zai tafi da shi ba, ku auna wurin daga wani abu tabbatacce kamar ƙofar maƙabarta ko kusurwar katanga, ku rubuta ku ajiye, ku ɗauki hoton wurin a waya, ku kuma nuna wa 'ya'yanku da ƙafarsu. Rubuta suna a jikin alamar malamai sun yi saɓani a kansa, Malikiyya sun karhanta, wasu sun sassauta idan don ganewa ne kawai, sai ku bi abin da limamin garinku ya saba yi.

Sannan ina ba ku shawarar kuɗin da za a kashe a ginin ɗakin ku juya shi zuwa ita maƙabartar, tun Baba na da rai yana gani. Ku koma garinku da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ku nemi tsofaffin da ke haƙar kabari, domin sau da yawa su ne kundin wurin, suna tuna wanda aka sa kusa da wane ko bayan shekaru masu yawa. Mai yiwuwa a gano kabarin kakarku, mai yiwuwa kuma ba za a gano ba, amma ko ba a gano ba addu'a tana isa gare ta daga ko'ina. Ku je wurin mai gari da liman ku ce kuna son a yi gayyar share wurin, a cike kaburburan da suka rufta da damina, a yi magudanar da za ta kawar da ruwa, a fara zagaye wurin da katanga ko da gefe ɗaya ne domin hana dabbobi da masu cin iyaka, a kuma sayi babban littafi a damƙa wa mai gadi ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka binne da ranar da layin da yake. A sayi diga da shebur da makara sabuwa idan ta wurin ta tsufa. Ku sa Baba ya zama shi ne jagoran aikin, a riƙa kawo masa rahoto. Mutumin da ya ga an gyara wurin da zai kwanta, kuma ya san akwai littafin da sunansa zai shiga, da wuya ya ci gaba da nacewa a kan ɗaki a tsakar gida, kuma ladan aikin yana gudana gare shi tun kafin ya isa can.

Game da ƙanenka, ka kira shi gefe ku biyu. Ka gaya masa cewa a kan gini kana tare da shi, amma kalmar shirka ba a jefa wa mahaifi ita a gaban 'ya'yansa a kan abin da bai kai can ba, domin Baba bai ce a roƙe shi ko a yi masa yanka ba. Allah ya ce ko iyaye sun matsa wa ɗa a kan ya yi shirka ta gaskiya, kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa, to ina ga uban da ke salla yana azumi, wanda kawai ya ji tsoron a manta da shi? Ya je ya durƙusa ya ba Baba haƙuri a kan lafazin, ba tare da ya sake buɗe muhawara ba. Bayani kuma kada ya fito daga bakinsa, kai ma idan kana ganin Baba zai ji nauyin ɗansa na yi masa gyara, ka nemi amininsa ko malamin da yake girmamawa, wanda suke fahimta ɗaya, ya zo kamar ziyara ya kawo zancen Usmanu ɗan Maz'un da zancen gidan gado. Dattawa sun fi karɓar irin wannan magana daga sa'o'insu.

Idan an samu fahimta, ku rubuta abin da aka tsayar a takarda, Baba ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowane ɗa ya san abin da ke ciki, har da mata, kuma a sanar da mahaifiyarku ko matansa idan suna raye, domin su ma maganar ta shafe su. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da cewa mai abin da zai yi wasiyya a kansa kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. Tunda an zauna, ku roƙe shi ya faɗi basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, da amanar mutane da ke hannunsa, da wanda yake son ya yi masa wanka da wanda zai ja sallarsa, da abin da yake son a fitar na sadaka wanda bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Bashi musamman kada ku yi wasa da shi, domin ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Ka ajiye kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin limamin garinku, kuma idan Allah ya kai mu rani ka sa ranar komawa maƙabartar tare da Baba da ƙanenka a mota ɗaya.